Shirwa a sama, shaho a dogon yaro: yadda wani gida a Argungu ya gano masu kwashe masa 'yan tsaki

Gidan yana bakin garin Argungu, ta inda unguwa ke gangarawa fadama. Gida ne na gado mai sassa uku: katangar ƙasa ta gaba, darnin kara ta baya, rumbu biyu, da wani tsohon dogon yaro da rassansa suka leƙa har gidan maƙwabta. Sana'ar matan gidan gumi ce. Su sayo shanshera, su jiƙa, su turara, su baza a tsakar gida ta sha rana, sannan a kai inji. Tun da noman shinkafar rani ya bunƙasa a Kebbi, musamman bayan shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, da wuya ka shiga gidan ba ka tarar da shanya ba. Wannan shanya tana da hannu a abin da ya faru, ko da yake ba wanda ya kawo ta a rai da farko.

Kajin gidan na mahaifiyar maigida ne, tsohuwar da babba da yaro ke kira Inna. Kajin Hausa ne masu kiwon kansu, da 'yan zabi kaɗan. Da su take zubin adashi, da su take sayen maganin hawan jini, kuma in an haihu a dangi ba ta zuwa barka hannu rabbana. Kazar gida takan yi kwanci sau uku ko huɗu a shekara, ta kwanta kwana 21 a kan ƙwai goma ko sha biyu, sannan ta shafe wajen wata biyu tana jan 'ya'ya kafin ta koma saka. Duk ƙyanƙyasar da ta lalace, wata uku ko fiye ne suka tafi a banza.

Daga tsakiyar hunturu zuwa shigowar bazara kaji uku suka ƙyanƙyashe a jere, kowacce da tsaki wajen goma. Kafin su yi wata guda sai ka ga kaza tana jan biyu ko uku. Wanda ake tuhuma ba a sha wahalar nemansa ba, don kullum da hantsi yana bisa kan gidan yana shawagi. Shirwa ce, kuma ba ɗaya ba, wani lokaci har goma suna kewayawa suna wannan kukan nasu mai kama da fito. Dalilin taruwarsu ma a bayyane yake. Maƙwabcin baya Bakabe ne masunci, matansa suna banda, kuma in sun feɗe kifi a kan jujin da ke jikin darnin suke watsa kayan ciki. Yara sun sha ganin shirwa ta tashi daga wurin da ɗan tsako a farce. A wajen Inna magana ta ƙare.

"Ai ga su nan kullum bisa kanmu," in ji ta, "ba su da aiki sai ɗiyan kajina. Kuma mun san wa ka kiran su."

An yi ta aike tsakanin matan gidajen biyu, ana gaisawa sama-sama, ba a daina watsa kayan cikin ba. Matan masunci suka ce jujin ya girmi kowa a unguwar, kuma ba su ne suka halicci shirwa ba.

Sai jikan Inna ya shigo, saurayi ɗan sakandare wanda take kira angonta cikin wasan kaka da jika. A majalisa aka ba shi shawara, kuma mahaifinsa ya sani bai hana ba. Ya samo maganin ƙwari na gona, irin mai tsaba-tsaba da ake barbaɗawa a ƙasa, ya cusa a cikin mataccen ɗan tsako da ɗan tarin kayan cikin kifi, ya ajiye a kan juji da sassafe. Kafin la'asar an tsinci hankaki biyu a mace. Washegari kyanwar gidan masunci ta mutu tana kumfa, agwagwarsu ɗaya ta bi ta. Wani yaro ya ce ya ga shirwa ɗaya a yashe a bakin fadama. A cikin makon nan kuma 'yan tsakin Inna biyu suka sake ɓacewa da rana tsaka.

Magana ta kai gaban mai unguwa. Masunci bai yi doguwar magana ba: "Ranka shi daɗe, in shirwa ta yi musu laihi, mi mussata tay yi? In da yaro na yaɗ ɗauki abin ga yak kai baki hwa?" Tambaya ta biyun ce ta sa wurin ya yi sanyi, domin a kan jujin nan yaran gidajen biyu suke wasa.

Maigida ya kare kansa da hadisi, kuma hadisin ingantacce ne: Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa akwai halittu biyar masu ɓarna da aka yarda a kashe ko a cikin Harami, su ne hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo. Limamin unguwa, wanda yake zaune a wurin, bai musa ba. Abin da ya ƙara shi ne, izinin kashe mai ɓarna ba izini ba ne na ajiye guba a inda dabbar maƙwabci da ɗan maƙwabci suke bi, kuma ƙa'idar "ba cuta ba cutarwa" ita ma hadisi ce. Aka yanke maigida ya biya agwagwa. Masunci ya yafe kyanwa, da sharaɗin kada a sake.

A ganina hukuncin ya yi daidai, sai dai bai taɓa matsalar Inna ba. An biya agwagwa, an sha hannu, tsaki kuwa suna ci gaba da ɓacewa.

Tambayoyi uku

Mai unguwa ne ya nemi wani malamin dabbobi da ke zaune a unguwar ya leƙa gidan, da farko don ya tabbatar ba sauran guba a juji. Ya sa aka kwashe wurin aka binne da zurfi, sannan ya zauna a kan turmi kusa da Inna. Bai tambaye ta wane tsuntsu take zargi ba, don ya riga ya sani. Ya ce ta tuna kowane ɗan tsako da ta rasa, ta gaya masa abu uku: da wane lokaci, a wane wuri, kuma me aka tarar bayan nan.

Tsofaffin da suka daɗe da kiwo suna riƙe da irin wannan lissafi a ka fiye da yadda ake zato. Da Inna ta fara jerowa sai asarar ta rabu da kanta.

Akwai waɗanda da magariba ta ƙirga su cif ta rufe akurki, da safe ta tarar babu ɗaya, ko ta tarar da shi an gwaguye wuya da kai an ja shi bakin wani rami a gindin bango. Shirwa ba ta farauta da dare, balle ta shiga akurki. Akwai waɗanda suka yi kwana biyu suna tsugune da fikafikai a sake, suna zawo kore-kore, suna buɗe baki suna neman numfashi, wani ma wuyansa ya murɗe, sannan suka mutu. Waɗannan su ne suka fi yawa a ƙyanƙyasar hunturu. Akwai kuma waɗanda aka sure da rana, su ma kashi biyu: kaɗan a waje, kan juji ko kan hanya, sauran kuwa a cikin gida, kusan a wuri guda, tsakanin shanya da gindin dogon yaro.

Malamin ya ce, "Inna, waɗanda sunka mutu da ciwo, ina kike kai su?"

"Ina ko? Juji mana."

Nan aka warware abin da yara suka yi ta gani. Shirwa tsuntsuwa ce mai cin mushe da shara, ita ce ke kewaya kwata da bakin kasuwa da inda ake ƙona daji tana cafke fara. In ka jefa mataccen ɗan tsako a juji, za ta ɗauka a gaban kowa da rana tsaka, kuma wanda ya hango ta daga nesa ba zai iya bambance mai rai da matacce ba. Wani kaso mai yawa na abin da ake rubuta wa shirwa, mutanen gidan ne suka miƙa mata da hannunsu. Ba ina wanke ta ba ne. Shirwa tana sure ɗan tsako mai rai in ta samu sarari, kuma Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Amma tsuntsuwa ce mai faɗin fikafikai wajen mita ɗaya da rabi, tana buƙatar fili kafin ta sauko, kuma tun tana sama inuwarta ke tona ta. Kaji suna da kuka daban na gargaɗin abin da ke tahowa ta sama, da wani daban na abin da ke tahowa ta ƙasa, abin da masu bincike suka daɗe da tabbatarwa. Zakara na yin wannan dogon kukan, tsaki sai su watse su shige ƙarƙashin uwa ko rumbu. Galibi sai wanda ya yi nisa a fili take samu.

Abin da ke cikin dogon yaro

Waɗanda ake surewa a cikin gida su ne suka fi ɗaure kai, domin wurin ƙunci ne, ga igiyar shanya ga rassa, shirwa ba za ta iya kutsowa ba. Malamin ya zagaya ta gidan masunci, inda wani reshe mai kauri ya ratso kan darni. A ƙarƙashinsa ƙasa ta yi fari-fari da kashin tsuntsu. Ga laushin gashi ja-ja da ruwan ƙwai ya maƙale a jikin kara, ga 'yar ƙafa guda mai yatsu kamar tsinke, ga guntun wutsiyar ƙadangare, ga gashin wasu ƙananan tsuntsaye. Mai wannan aiki yana da wurin zama ke nan, inda yake kawo abin da ya kama ya fige ya ci.

Aka ɗora wa jikan aikin gadi, tunda shi ya jawo magana. Da hantsi bayan an baza shanya, tsuntsaye suka sauko kamar yadda suka saba: kurciya, jan-baki, da sauran ƙanana masu cin tsaba. Kaza ta jawo 'ya'yanta gefen tabarma suna tsince. Sai wani abu toka-toka ya fito daga cikin ganye, ƙasa-ƙasa, bai fi tsayin ƙugu daga ƙasa ba, ya kaɗa fiffike sau uku ko huɗu ya miƙe. Kafin kaza ta buɗe fikafikai ta yi kansa, ya riga ya juya ya koma cikin duhun reshe, tsuntsayen shanya sun tashi fir gaba ɗaya. A wannan karon jan-baki ya ɗauka. Da yaron ya leƙa daga gindin bishiya ya gan shi zaune: bai fi tantabara girma ba, baya ruwan toka, ƙirji fari da siraran layuka ja-ja a kwance, ƙafafu rawaya, ido ja wur.

Ƙaramin shaho ne, irin wanda masana tsuntsaye ke kira shikra. Tsawonsa wajen santimita 30, macen ta fi namijin girma, kuma idonta ya fi karkata ga ruwan lemo. Yana son garuruwa masu dogon yaro da mangwaro, domin salon farautarsa kwanton ɓauna ne: ya zauna cikin ganye ya jira, ya yi gajeren hari, ya koma. Abincinsa na kullum ƙadangaru ne da ƙananan tsuntsaye da manyan ƙwari, har da ɓeraye da jemagu. Ɗan tsako mai kwana goma daidai ƙarfinsa ne, wanda ya yi wata biyu kuwa ya fi ƙarfinsa. A wannan yanki a ƙarshen rani yake sheƙa, lokacin da bakin ciyarwa ke ƙaruwa, kuma ya zo daidai da lokacin da Inna ta ce ɗaukar rana ta tsananta.

Ba kaji ne suka kawo shi gidan ba. Shanyar gumi ce ta tara ƙananan tsuntsaye, su kuma suka jawo shi, tsaki suka faɗo a tsakiya. Wannan kuma ya nuna wautar gubar tun daga tushe: shaho irin wannan abu mai motsi yake kamawa, ba ruwansa da mushe. Ko buhu guda aka zuba a juji ba zai kai baki ba. Masu cin mushe ne za su mutu, su hankaka da shirwa da kyanwa da kare. Shirwar ma kashe ɗaya ba ya rage komai, domin ba mazauna wuri guda ba ne. Iri biyu ne: mai rawayan baki ta nan Afirka tana bin damina arewa da kudu, mai baƙin baki kuma daga Turai take zuwa, ta tsallako ta mashigar tekun Jibralta da ke tsakanin Sifaniya da Maroko ta yi hunturu a nan ta koma. Muddin akwai abinci a juji, in wata ta faɗi wata za ta maye.

Da aka zo nan Inna ta tuna da angulu. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan tana amarya, angulaye ne ke cika jujin nan, yanzu kuwa ta manta rabon da ta ga ko ɗaya. Ba idonta ne ya rage gani ba. Angulun nan ta cikin gari ta ragu a Afirka ta Yamma har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a 2015, kuma guba da cinikin sassanta don magani da tsubbu suna cikin manyan dalilai. Aikin kwashe shara da ta bari, shirwa da hankaka ne suke ɗan riƙe da shi.

Ɓarayin dare su ne ɓeraye, da muzuru jefi-jefi. Tarin ɓuntu da ake jibgewa a bayan akurki ya zama gidansu, ragowar shanya kuma abincinsu. A nan ne wata tsohuwar magana ta fito. Shekarar da ta gabata akwai mujiya a rufin wani ɗaki da ba a kwana a ciki. Aka haifi jariri a gidan, ta yi kukanta mai kama da ƙara a daren suna, washegari aka tura yara da sanda aka kore ta, aka toshe kafar da laka. Malamin ya sa aka buɗe ɗakin. A ƙasa akwai busassun curi-curi baƙaƙe, irin waɗanda mujiya ke amayarwa bayan ta haɗiye abin da ta kama. Ya murƙushe ɗaya da tsinke a gaban kowa: gashi ne dunƙule, da 'yan ƙasusuwa, da ƙoƙon kan ɓera ɗan mitsitsi da haƙoransa biyu na gaba. Mujiya mai farar fuska kusan ɓera da jaɓa ne abincinta duka, kuma in tana ciyar da 'ya'ya ɗaruruwa take kamawa. A Malesiya har akwatuna manoma ke kafa mata a gonakin kwakwar manja da na shinkafa don ta zauna. Ga gidan da ke shanya abinci a ƙasa kuwa maganar ta wuce ta kaji, domin ɓeran gida mai yawan nonuwa shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci yake kama mutane.

Inna ta duba ƙoƙon kan ɓeran ta ce, "Na gani, Malam. Amma tsuntsuwar ga ba ta komowa gidan ga ina da rai." Malamin bai ja ba, kuma ina ganin ya yi dabara. Da ya nace a kan mujiya, da ya rasa amincewarta a kan sauran.

Abin da aka gyara

An gwada abubuwan da kowa ke gwadawa, ba su daɗe ba. Zaren kaset da tsofaffin faifan CD da aka rataya sun yi aiki 'yan kwanaki, daga baya aka ga shahon zaune a reshen da faifan ke lilo. An shafa wa wasu tsaki shuɗin maganin ciwo don su rikita shi, ya ɗauki ɗaya daga cikinsu. Maigida ya ce a sare dogon yaron. Matan gida suka ƙi, kuma suna da gaskiya: a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba a sare inuwar gida saboda tsuntsu, ga shi akwai wasu bishiyoyin a kowane gida na unguwar. An dai datse reshe ɗaya da ke daidai kan wurin shanya.

Abin da ya yi aiki daga gidan masunci ya fito. Yana da tsohon taru da ya yayyage ya daina shiga ruwa da shi. Aka kafa dirkoki a jikin rumbu, aka kewaye da zana, aka ninka tarun biyu aka ɗaure a sama tamau, domin raga in ta yi sako-sako tana sarƙe kowane tsuntsu, har kajin kansu. Rabin saman aka rufa da zana saboda rana. Tsayinsa daidai yadda mace za ta sunkuya ta shiga da tsintsiya. Ƙa'idar ita ce kaza da 'ya'yanta su zauna a ciki tun daga ranar ƙyanƙyasa har mako shida, lokacin da gashi ya rufe su kuma sun yi nauyin da ƙaramin shaho ba ya iya tashi da su.

Nan ne wahalar take, kuma masu ba da irin wannan shawara sukan tsallake ta. Ɗan tsakon da aka tsare ba ya tonon ƙasa, ba ya samun ƙwari, komai sai an kawo masa. Karyayyar shinkafa da dusa suna nan a gidan kyauta, amma ciki kawai suke cikawa, ba su gina jiki. Inna ta koma dabarar da ta gada ta tara gara: a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a bakin shuri da yamma, da safe a ɗauko a zazzage. In ka ga yadda tsaki ke rububin garar nan za ka san abin da jikinsu ke nema. Sauran kuma matan masunci suka cike, da ɓurɓushin banda da ke zubewa a gindin kwando, wanda a da sharewa suke yi. Uwargidan masunci da kanta ta fara kawowa a ƙoƙo, ta ce, "Inna, ga na ɗiyanki." Ruwa kuma a kasko marar zurfi, da tsakuwa a ciki don kada wani ya faɗa ya nutse.

Kayan cikin kifi aka koma zubawa a rami ana rufewa da toka da ƙasa. Shirwa ba su daina zuwa ba, amma daga goma sun koma ɗaya ko biyu masu wucewa. Matattun kaji aka daina jefarwa, sai binnewa. An kwashe tarin ɓuntu zuwa bayan gida, an liƙe ramukan akurki da laka da fasassun kwalabe, an sa wa ƙofar waya mai ƙananan ido, kuma ana share wurin shanya kafin magariba. Manyan tsaki da aka saki an bar musu mafaka a tsakar gida: an buɗe ƙarƙashin rumbu da a da aka toshe, an kuma ɗora wani tsohon ƙyaure a kan duwatsu a wajen da ya fi fili.

Sai ciwo, wanda shi ne ya fi kowa ɓarna kuma ba wanda ya kai ƙararsa gaban mai unguwa. Alamun da Inna ta lissafa na cutar Niyukasil ne, wadda ke share kajin karkara a arewa, musamman da hunturu. Ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato tana yin wani rigakafi mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, kuma ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, babba da ɗan tsako duk ɗaya, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba a ajiyewa. Saboda haka sai da aka haɗa gidaje da dama a rana guda, aka ce kowa ya bar kajinsa a rufe da safe. Wasu sun ƙi, suna cewa ba a taɓa yi wa kazar Hausa allura ba.

Ƙyanƙyasa biyu da suka biyo baya sun fita daga raga kusan cif. Ɗaya ya mutu a kwanakin farko, irin raunanan nan da ba sa tashi, wani kuma shirwa ta sure shi a kan hanya cikin makon da aka sake su, a gaban jikan, wanda ya dawo yana huci yana neman danƙo. Inna ta ce masa, "Ango, bar ta. Wanga kam nata na, mu munka bar shi yat tahi nesa." Shahon yana nan a dogon yaro, yana cin ƙadangaru da jan-baki, kuma maigida, wanda jan-baki ke hana shi barci duk lokacin da shinkafarsa ta fara nuna a fadama, ya daina maganar sarewa. Ɓeraye sun ragu a akurki, ba su ragu a rumbu ba. Inna tana ƙorafin cewa kajin da a da suke kiwon kansu yanzu sun mai da ita baiwarsu, kuma aikin ya ƙaru da gaske, sai dai ta lura kazar da aka raba da 'ya'ya a mako shida tana saurin komawa saka.

Abu biyu suka rage. Zabi da damina suke saka, ƙwansu kwana 26 zuwa 28 yake yi a ƙarƙashin kaza, kuma 'ya'yansu ba su da haƙurin tsarewa kamar tsaki, ga shi da zarar sun yi ƙarfi gona suke nufa, inda manyan shaho suke. Ragar da aka yi ba za ta wadace su ba. Na biyu, ganin abin ya yi kyau, matan masunci da wata maƙwabciya sun fara kawo nasu tsakin suna zubawa a ragar Inna, ita kuma kunya ta hana ta cewa a'a. Malamin dabbobi ya gargaɗe su cewa haɗa tsakin gidaje uku a wuri guda, alhali ɗaya daga cikin gidajen bai yi rigakafi ba, ya fi shaho da shirwa haɗari. Masunci ya ce yana da sauran taru da zai isa raga biyu, in an samu mai kawo dirkoki kafin ruwa ya sauka.